Daga Tafin Hannu zuwa Ma'auni: Tarihin Ɗurin Bindigar Manyan Namun Daji

Gabatarwa

A duk lokacin da aka yi hawan salla ko naɗin sarauta a ƙasashenmu, ƴan bindiga ne kan fara sanar da gari cewa sarki ya fito. Mai kallo yana ganin hayaƙi, yana jin ƙara, amma kaɗan ne ke lura da aikin da ɗan bindiga yake yi kafin ƙarar: yadda yake zuba albarushi a tafin hannu, ya dube shi, ya ɗura, ya danna da sanda, sannan ya duba iyakar inda sandar ta tsaya. Wannan ɗan aiki da ake kira ɗuri ilimi ne mai dogon tarihi. A wurin biki, kuskuren ɗuri kan jawo ƙuna ko fashewar bindiga. A cikin daji kuwa, gaban toron giwa ko ɓauna mai rauni, kuskuren ɗuri ajali ne.

Hausawa sukan ce halbi a wutsiya ya fi kuskure. Wannan magana gaskiya ce a fagen neman abinci da fatauci, amma mahalbin manyan namu bai yarda da ita ba, domin ɓaunar da aka kuskure gudu take yi, wadda aka taɓa a wutsiya kuwa juyowa take yi. Saboda haka ne mahalba na kowace ƙasa suka share ƙarnuka suna neman amsar tambaya ɗaya: yaya za a ɗura bindiga har harsashi ya tafi inda aka nufa, kuma ya isa da ƙarfin da zai gama aiki? Ya mai karatu, tarihin wannan tambaya ne za mu bi, daga maƙerun Damagaram har zuwa na Landan.

1. Kalmomi uku da hanyoyi biyu

Harshe da kansa yana nuna ta inda bindiga ta shigo. Kalmar bindiga daga Larabci take, “bunduƙiyya”. Albarushi daga “al-barud” yake. Harsashi kuma daga “ar-rasas”, watau dalma, ƙarfen da ake zuba shi da ita. Duka ukun sun ratso hamada ne tare da ayari.

A shekarar 1591, a Tondibi kusa da Gawo, rundunar Maroko mai ɗauke da bindigogi ta karya rundunar Songai wadda ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. A cikin wannan ƙarni na 16 ne kuma Mai Idirisa Aloma na Borno ya kafa rukunin ƴan bindiga waɗanda Turkawa suka koyar. A Kano, littafin tarihin sarakunanta ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, da cewa ya ajiye ƴan bindiga masu tsaronsa.

Ta hanya biyu bindiga ke isowa. Ta farko ita ce ta arewa, daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Azbin. Ta biyu ita ce ta kudu, daga bakin teku ta ƙasar Yarabawa da Nufe. Ta kudun ce ta kawo doguwar bindigar nan mai ƙanƙara wadda Turawan Ingila suka laƙaba wa sunan mutanen Denmak, ko da yake yawancinta a biranen Barmingam na Ingila da Liyej na Beljik ake ƙera ta. Bindiga ce ta fatauci, mai arha, wadda ba a kashe wa ƙarfe mai kyau ba, albarushin da ake sayarwa tare da ita kuma sau da yawa mai rauni ne. Mai irin wannan bindiga bai da tabbacin ƙarfin abin da ya saya, sai ya riƙa ƙara ɗuri don ya rama. Ƙarin ɗuri a cikin bututu maras ƙwari shi ne ya raba mahalba da yawa da yatsunsu, shi ne kuma dalilin da ya sa wasu ba su yarda su kai bindigar kusa da fuska ba in za su halba.

2. Albarushin Damagaram

A ƙasar da ta zama Nijar a yau, babu masarautar da ta ba sha'anin bindiga muhimmanci kamar Damagaram a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya riƙe sarauta tun daga shekarun 1850 har rasuwarsa a 1884. Shi ne ya kewaye birnin Zandar da babbar ganuwa, marubuta tarihi kuma sun ambaci cewa ya tara bindigogi kimanin 6,000 da igwa kimanin 40. Abin da ya fi yawan nan muhimmanci shi ne, a cikin birnin ake zuba igwa, a nan ake haɗa albarushi, a nan kuma maƙera ke gyaran bindigar da ta lalace. Sarkin ya gane cewa bindigar da ke jiran ayari kafin ta ci abinci, sanda ce kawai.

Baƙin albarushi haɗin abu uku ne: gishirin albarushi, da farar wuta, da gawayi. Gishirin ne ke ba wutar iskar da take ci da ita, shi ya sa albarushi ke kamawa ko a cikin rufaffen bututu. Amma haɗi biyu ba su cika zama daidai ba. Itacen da aka ƙona gawayin, da tsabtar gishirin, da kyawun daka, da girman ƙwayar, da laimar damina, kowane yana canza ƙarfin tashin. Mai ƙananan ƙwayoyi yana ci da sauri, mai manya yana ci a hankali. Don haka ɗurin da ya yi daidai da albarushin bara yana iya yin yawa ko kaɗan ga na bana.

Ga kuma matsalar harsashi. Dalma tana da tsada, saboda haka sau da yawa guntayen baƙin ƙarfe da maƙeri ya sassara ake ɗurawa. Cikin bututun sumul yake, harsashin kuma bai cika shi ba, sai ya fita yana karo da gefe da gefe, ya nufi inda karon ƙarshe ya tura shi. A fagen yaƙi, inda mutum ɗari ke halbi a lokaci ɗaya, wannan ba babbar illa ba ce. Ga mahalbi shi kaɗai, wanda ɗuri ɗaya gare shi, ita ce babbar illa.

3. Mahalba da sango

Tsofaffin mahalba ba su da sikeli, amma suna da awo. Tafin hannu awo ne, bakin ƙaho ko guntun kara awo ne. Bayan an danna ɗuri, sai a jera yatsu a jikin abin da ya rage na sandar a waje: yatsa kaza ɗurin gada ne, yatsa kaza na babban nama. Wannan lissafi yana da wata fa'ida kuma, domin sandar da ta tsaya sama fiye da yadda ta saba tana gaya wa mai ita cewa akwai tsohon ɗuri a ciki.

Da yake sun san harsashinsu ba ya tafiya daidai daga nesa, sai suka rage nisan. Sanin iska, da bin sawu, da saɓi, da haƙurin kwanto su ne suka cike giɓin da bindiga ta bari. Amma ga giwa ko kusantar ba ta isa ba, domin guntun ƙarfe ba ya ratsa fata da nama da ƙashi har ya kai zuciya. A nan ne aka samu dabarar sango. Sango gajeren mashi ne mai faffaɗan kai, wanda ake shafe shi da dafi, galibi na kwankwani, a zura kotarsa cikin bakin bindiga a bisa albarushi. Mahalbi ya matso ƴan taku kaɗan, ya halba a ciki ko a cinya. Nauyin mashin ne ke huda fata, dafin kuma ya ƙarasa aikin, mahalbi ya bi sawu har giwar ta faɗi.

Da wannan makami ne mahalba Hausawa suka yi suna a ƙasar Adamawa a ƙarni na 19, wajen Banyo da Tibati da Ngaundere. Fatake Hausawa su kwaso hauren zuwa Kano, daga can wani kaso ya biyo ta Zandar da Azbin zuwa Tarabulus, ta hanyar nan da bindigar ta shigo. Sango yana koyar da darasin da maƙeran Turai suka daɗe kafin su daidaita shi: a kan babban nama, zurfin shiga shi ne kome.

4. Zamanin manyan bakuna

Turawan da suka shiga farautar giwa a tsakiyar ƙarni na 19 sun tarar da matsala iri ɗaya. Baƙin albarushi yana da iyakar gudun da yake iya ba harsashi, saboda haka hanyar ƙara ƙarfi ita ce a ƙara nauyi. Suna auna faɗin bakin bindiga da yawan dunƙulen dalma masu cika bakin da za su yi laba ɗaya, watau giram 454. Bindiga mai lamba 8 tana jefa dunƙule mai giram 57. Mai lamba 4 tana jefa mai giram 113, faɗin bakinta kuma ya kai kimanin milimita 26. Don kada dalmar ta baje a kan ƙashi, sukan taurara ta da kuza ko zaiba.

Samuel Baker, wanda ya yi yawo a Sudan da kogunan Nilu a farkon shekarun 1860, yana da wata bindiga ƙirar Holland mai jefa harsashi na rabin laba. Larabawan da ke tare da shi sun yi mata laƙabi da ɗiyar igwa, shi da kansa kuma ya ba da labarin yadda take juya shi in ya halba. Frederick Selous, wanda ya fara farautar giwa a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau a 1872, da tsofaffin bindigogi masu lamba 4 ya yi aiki, kuma da hannu yake damƙo albarushin fatauci daga jakar fata ya zuba, kamar kowane mahalbi na ƙauye. A cikin littafinsa na 1881 ya faɗi yadda wata rana bindiga ta ƙi tashi, mai ɗaukar masa ita bai lura ba ya sake ɗura wani a kan na farko. Da Selous ya halba, ɗuri biyun suka tashi tare, suka kayar da shi, suka tsaga kotar bindigar, suka yanke masa kunci. Daga baya ya ce dukan waɗannan bindigogi ya taɓa masa natsuwar halbi har iyakar rayuwarsa. To, ga illar neman ƙarfi ba tare da awo ba: bindigar da mai ita ke tsoro ba ta halbi daidai.

5. Zuwan kwanso

Abubuwa uku ne suka canza wannan hali. Na farko, a 1807 wani limamin coci ɗan Sikotlan mai suna Alexander Forsyth ya yi rajistar hanyar tayar da albarushi da sinadarin da ke kamawa in an doke shi. Daga nan aka samu ƴar hular wuta ta jan ƙarfe wadda ta maye gurbin ƙanƙara. Na biyu, zane mai murɗawa a cikin bututu ya yaɗu, musamman bayan harsashin Minié na Faransa na 1849. Zanen yana sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwar da yara ke murzawa, juyin ne kuma ke tsayar da kansa ga hanya. Na uku shi ne kwanson tagulla, wanda ya haɗa hula da albarushi da harsashi wuri ɗaya, a zura shi ta bayan bindiga.

A 1866 aka fito da irin hula biyu da har yau ake aiki da su. Ta Kanar Edward Boxer na Ingila tana da huda ɗaya a tsakiyar gindin kwanso, saboda haka tsinke ɗaya ya isa ya ture tsohuwar hula a sa sabuwa. Ta Hiram Berdan na Amurka hudojinta a gefe suke, cire ta kuma aiki ne. Abin mamaki, Amurkawa suka rungumi ta Baturen Ingila, Turai kuma ta rungumi ta Ba'amurke. Wannan na cikin dalilan da suka sa sake ɗura kwanso da hannu ya fi bunƙasa a Amurka, inda kamfanin Ideal ya fara sayar da ƴan kayan ɗuri na hannu tun 1884.

Ƴan Afirka ba su yi jinkirin gane cewa kwanso abin sake ɗurawa ba ne. Maƙeran Samori Ture, kafin a kama shi a 1898, suna tattara kwansunan da aka halba suna sake ɗura su, har suna ƙera kwafin bindigar Gras ta Faransa, ƙirar 1874. Turawa ma sun gane haɗarin da ke cikin haka gare su. A yarjejeniyar Burusel ta 1890 suka hana sayar wa mutanen babban yankin Afirka, wanda ƙasashenmu ke ciki, bindigogi masu zane da masu ɗuri ta baya, suka bar musu ta ƙanƙara da albarushin fatauci. A watan Yuli na 1899, a Tirmini, mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga suka gamu da bindigogin kwanso na rundunar Faransa, Zandar kuma ta faɗi. Dokokin mulkin mallaka suka ɗora a kan wannan hani. Wannan shi ne dalilin da ya sa mahalbinmu ya tsaya ga ɗuri ta baki alhali duniya ta wuce. Doka ce ta tsayar da shi, ba ƙarancin basira ba.

6. Albarushi maras hayaƙi da zafin rana

A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi maras hayaƙi, wanda aka fara sa wa bindigar Lebel ta 1886. A 1889 Frederick Abel da James Dewar na Ingila suka fito da nasu mai suna kodayit, wanda siffarsa kamar taliya take. Sabon albarushin ya ba harsashi gudun da baƙin bai taɓa bayarwa ba, sai aka daina bukatar dunƙule mai rubu'in laba.

A 1898 kamfanin John Rigby ya fito da harsashin .450 Nitro Express, mai nauyin giram 31 da gudun mita 655 a daƙiƙa. Wannan awo ya zama ma'aunin da ake gwada kowane harsashin giwa da shi har yau. A 1907 hukumar Ingila ta hana shiga da harsashi mai faɗin .450 cikin Indiya da Sudan, don tsoron kada masu tawaye su ciyar da tsofaffin bindigogin Martini-Henry da ke hannunsu da shi. Maƙeran Landan suka ɗan canza faɗi suka riƙe ƙarfin, aka samu .465 da .470 da .475. A gefen bindiga mai sakata kuma, Otto Bock na Barlin ya fito da 9.3×62 a 1905 domin Jamusawa mazauna Afirka, Rigby ya fito da .416 a 1911, Holland & Holland kuma ya fito da .375 a 1912, mai faɗin milimita 9.5 da harsashi na giram 19. Wannan na ƙarshe shi ne mafi ƙarancin faɗin da dokar ƙasashe irin su Tanzaniya ta yarda a fuskanci nama mai haɗari da shi.

Mai duba waɗannan kwansuna zai ga girmansu ya wuce abin da ke cikinsu. Da gangan aka yi haka. Kodayit yana ƙara zafin tashi in ya sha rana, ɗurin da ya yi lafiya a sanyin Landan yana iya matse kwanso a cikin bindiga a zafin bazarar Sudan, ya ƙi fita a lokacin da ake bukatar halbi na biyu. Babban kwanso yana rage matsin. Ranar Afirka ce ta tsara siffar waɗannan harsasai.

A daidai wannan zamani Walter Bell, wanda aka fi sani da Karamojo, ya kashe giwa 1,011, mafi yawansu da ƙaramar bindiga mai faɗin milimita 7 da harsashi na giram 11. Ya tsaga kawunan giwaye ya koyi inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, ya kuma zaɓi dogon harsashi mai tauri wanda ba ya karkacewa. Mutane da yawa da suka kwaikwaye shi ba tare da saninsa ba sun halaka. Amma ya tabbatar da cewa sanin gurbi da tafiya daidai suna gaba da girman baki.

7. Yadda ɗurin hannu ya dawo

Bayan yaƙin duniya na biyu daular Ingila ta watse, kasuwar manyan harsasai ta ragu, kuma wajen 1970 kamfanin Kynoch, wanda kusan shi kaɗai ke yin su, ya daina. Bindigogi masu baki biyu da aka saya da dukiya mai yawa suka zama kayan rataya. Amurkawa sun riga sun fito da .458 Winchester Magnum a 1956 don ya maye gurbin na Ingila a cikin gajeren kwanso. Amma gajartar ta sa aka danne albarushin, a wasu ɗure-ɗuren farko kuma yakan dunƙule in ya daɗe cikin zafi, ya ci rabi da rabi. A 1959 ɓauna ta raunata Jack Lott a Mozambik yana riƙe da irin wannan bindiga. Bayan ya warke ya koma teburin ɗurinsa, a 1971 ya fito da kwanso mafi tsawo wanda ake kira .458 Lott, wanda daga baya kamfanoni suka karɓa.

Masu ɗurin hannu ne kuma suka raya tsofaffin bindigogin. Wani kamfani a Amurka ya koma ƙera kwansunan, Woodleigh na Ostareliya ya koma zuba harsasai masu siffar na Kynoch. Aikin ya fi wuya ga bindiga mai baki biyu, domin maƙerinta ya liƙa bututun biyu ne a kan ɗuri ɗaya tak, yana halbi yana gyara har suka riƙa faɗawa wuri ɗaya. In an canza nauyi ko gudu, sai su saɓa. Galibi in gudu ya yi yawa sai harsasan su gitta wa juna, in ya yi kaɗan sai su ware. Tun da kodayit ya ƙare, dole mai ɗuri ya nemo da albarushin zamani gudun da wani maƙeri ya tsayar shekara 100 da suka wuce.

Harsashin kansa ya samu gyara daga hannun mahalba. John Nosler, bayan harsashinsa ya tarwatse a jikin wani babban nama a Kanada a 1946, ya fito a 1948 da mai shamaki a tsakiya: gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da shiga. A 1989 kamfanin Barnes ya fito da na jan ƙarfe zalla, babu dalma.

8. Ƙa'idojin aikin a yau

Mai ɗurin hannu na yau yana auna albarushi da wani tsohon awon Ingila wanda asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ne. Ƙwaya 7,000 ke yin laba ɗaya, sikelinsa kuma yana gane kashi ɗaya cikin goma na ƙwaya. Ba ya ƙirƙiro adadi daga kansa. Yana ɗauko shi daga littafin da masu yin albarushi suka gwada da na'urar auna matsi, ya fara daga ƙasa, ya hau kaɗan-kaɗan, yana duban kwanso da hula ko za su nuna alamar wahala, yana auna gudu da na'ura.

Yakan duba kowane kwanso ko ya tsage, ya mayar da shi girmansa, ya daidaita tsawonsa da na ƴan'uwansa. Yakan zaunar da kowane harsashi a zurfi ɗaya, ya matse bakin kwanson a kansa, domin dukan babbar bindiga yana iya tura harsasan da ke jira cikin kwansunansu, ko ya zaro na baki na biyu. Yakan nemi harsashi mai buɗewa da mai tauri su faɗa gurbi ɗaya, tun da na farko ake fara wa ɓauna da shi, na biyu kuma ake bi da shi. Ba ya neman iyakar gudu, yana barin sarari domin zafin rana. Kafin tafiya yakan gwada kowane harsashi ya ga ya shiga ya fita ba tare da tirjiya ba. Daidaiton da ake nema a nan ba na mai gasar halbi daga nesa ba ne. Abin nema shi ne harsasai su taru a wuri kamar tafin hannu daga mita 50, yau da gobe, cikin sanyi da zafi.

In an lura, tambayoyin nan su ne na tsohon mahalbi: nawa zan zuba, wane irin albarushi ne wannan, me zan ɗora a kansa, bindigar za ta ɗauka? Sikeli ya maye gurbin tafin hannu, amma hankalin ɗaya ne.

Kammalawa

Wannan tarihi yana da ɗaya fuskar da bai kamata a rufe ba. Duk ƙarin daidaito da aka samu a ɗuri, namun daji ne suka biya. Fataucin haure da ingancin bindiga, tare da sarar daji da fari, sun share giwa daga wuraren da kakanninmu suka san ta. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 20 giwaye na ratsa dajin Babban Rafi a kudancin Maraɗi, amma babban mazauninsu a Nijar shi ne gandun W, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1954, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. A 1989 ƙasashen duniya suka amince da hana cinikin hauren giwa tsakaninsu. A 1998 Nijar ta kafa dokar da ta tsara farauta da kare namun daji. Kariya kuwa tana haifar da sakamako: raƙuman dawan Kure, waɗanda aka ƙidaya 49 a 1996, sun haura 600 daga baya, har aka kai wasu gandun Gadabeji a 2018.

Saboda haka ba domin a koma farautar giwa aka kawo wannan bayani ba. Riƙon bindiga da harsashi sha'ani ne na izinin hukuma, ɗurin albarushi kuma ba wasan wanda bai koya ba ne. Abin da ya rage a hannunmu shi ne sanin. Har yanzu akwai tsofaffi a gidajen Sarkin Bindiga da Sarkin Baka da Sarkin Maƙera waɗanda suka san sunayen sassan bindiga da Hausa, da awon yatsu, da siffar sango, da itacen da ake zaɓa domin gawayi. Akwai kuma tsofaffin bindigogi da ƙahonin albarushi a zaurukan fada da ɗakunan gado. Abin da Turawa suka sani a kan wannan sana'a sun rubuta shi har da nauyin ƙwaya. Namu yana cikin ƙirjin mutanen da shekaru suka ja. Ya kamata masarautu da malaman tarihi su zauna da su, su rubuta, su ɗauki hoto, su adana kayan, tun masu bayanin suna da rai.